Kwana Biyar Ina Kallon Ɗana A Waya

Saura wata guda in haihu maigidana ya ɗauke ni daga ɗakinmu na haya a Narayi ya mayar da ni gidanmu a Makera, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Shi direba ne a wata masana'anta a Kudenda, yana kai kaya kudu, idan ya tafi sai in yi sati biyu ban sa shi a ido ba. Ranar da ya kawo ni, bayan ya gaisa da su Baba, ya kira ni zaure ya miƙo mini kwali. Sabuwar waya ce, mai idon kyamara uku a bayanta. Ya ce ba don ni ya saya ba, don abin da ke cikina ne. Idan haihuwa ta zo yana hanya, kowace safiya yana so ya ga hoto.

Ni da littattafan soyayya na girma. Tun ina ƙaramar sakandare nake ɓoye su a tsakiyar littafin darasi, kuma duk wanda na karanta, idan aka kai wajen haihuwa, jaririn fari sol yake fitowa, gashi kwance luf, hanci har baka, ma'aikatan asibiti suna ta leƙowa. Na sa wa raina irinsa zan haifa. Wayar ma ta taya ni mafarki. Ciki ya baƙanta mini wuya ya buɗa mini hanci, amma da na kunna wani wuri a cikinta mai gyara fuska, sai ga ni kamar ranar da aka kai ni ɗaki. Na bar shi a kunne, na manta da shi.

Ina da wata tsohuwar kyamara, 'yar ƙarama baƙa, wadda Baba ya saya mini a gwanjo da na gama makaranta. Idan an kunna ta sai idonta ya zuro waje da 'yar ƙara. Da ita na ɗauki kogi ya cika ya tumbatsa a ƙarƙashin gada, da hadari yana haɗuwa ta gabas, da furannin gidajen mutane da nake leƙawa ta saman katanga. Tun zuwan wayar ta koma ƙasan akwati.

Na haihu ranar Lahadi da hantsi, namiji, maigidana yana can hanyar Fatakwal. Washegari aka sallame mu. Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga Tudun Wada da ƙullin kayanta, ita za ta yi mini wankan jego. Aka ba mu ɗakin ƙurya mai taga ɗaya. Ta sa aka rataya labule kore mai kauri, ta ce iska ba ta yi wa ɗanyen jiki kyau. Ƙwan lantarki ɗaya ne a ɗakin, mai jan haske, shi ma sai in da wuta.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ba da wasa ba. Mama har yau ba ta kama sunan babban yayanmu. Uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban manya sai an miƙo mata, ba ta yi masa wasa, ba ta zuba masa ido. In ya yi kuka sai ta kawar da kai har wani ya ce ta ba shi ya sha. Da ina karanta irin wannan a littafi burge ni yake yi, sai da ya zo kaina na san nauyinsa. Gwaggo tana ɗakin kusan koyaushe, 'yan barka wasu na fita wasu na shiga. Idan aka miƙo mini shi sai in sa shi a nono, in yafa mayafi, in kalli bango.

Wayar ce ta zame mini mafita. Aika wa uba hoto ba rashin kunya ba ne, saƙo ne aka bar mini, Gwaggo ma ta san da shi. Kuma wayar ba ruwanta da haske. A cikin wannan duhun take fito da shi tar, kamar an kai shi shagon mai hoto. In na aika, sai in juya wa mutane baya, in ja zane har ka, in yi ta kallo. In buɗa hoton da yatsu biyu in ƙirga gashin girarsa, in kalli 'yar lotsawar da ke haɓarsa. A haka na san fuskar ɗana: fari, da ɗan ja-ja a kumatu, daidai irin na littafi. Maigidana ya turo murya yana dariya, ƙarar mota na tashi a bayansa, wai na yi masa wayo, duk ni yaron ya kwaso, shi ko farce ba a bar masa ba.

'Yan barka ma haka suke faɗa. Kowace ta karɓe shi sai ta duba bakin kunnensa, ta ce wannan farin ba mai komawa ba ne. Sannan su yabi haƙurinsa. Daga kwana na uku kukansa ya ragu, a na huɗu kuwa barci kawai yake yi. In na sa shi a nono sai ya ja sau biyu ya saki. Gwaggo ta riƙa ɗaga shi tana tsokana.

"Wannan miji nawa malalaci ne. Ko cefane ba zai iya ba, sai barci kamar kasa."

Aka yi ta dariya. Ni kuwa ƙirjina ya cika ya yi tauri, yana mini zogi har cikin hammata. Ban faɗa wa kowa ba, don ta ina zan fara?

Ranar Alhamis aka ɗauke wuta tun safe, kafin la'asar wayar ta mutu. Da gari ya waye Juma'a, kwanansa biyar, jibi suna, ba ni da abin ɗaukar hoto. Raina bai so rana ɗaya ta wuce babu nata ba, ko da ba zan iya aikawa ba. Sai na tuna da kyamarar. Gwaggo tana bakin murhu tana dafa ruwan wanka, na lallaba na tono ta daga akwati, na cire batiran tocila na sa mata.

Hoton farko bai yi ba. Duhu ya yi mata yawa, abin da ya fito wani dishi-dishi ne kamar an ɗauka a cikin hayaƙi. Na ji tsoron kunna mata walƙiya a idon jariri. Na yi tsaki, na ce a raina shi ya sa aka daina yayin irinku. Na saurara, na ji Gwaggo tana magana da Mama a can nesa, sai na janye labulen. Hasken safiya ya zubo a kan katifa. Na ɗauka, na juyo da 'yar fuskar kyamarar na duba.

Yaron da ke ciki rawaya ne. Goshinsa, hancinsa, har ƙirjinsa inda riga ta buɗe, kamar an shafa masa kurkur.

Na ce kyamarar ce ta lalace, ta daɗe a ajiye. Na ɗauko farin shawul na shimfiɗa a gefensa, na ajiye hannuna kusa da kumatunsa, na sake ɗauka. Shawul ya fito fari. Hannuna ya fito hannuna, har da ragowar lalle a farce. Shi kuma yana nan yadda yake.

Na sauke kyamarar na kalle shi da idona. Na ga kamar akwai rawayar, na kuma ga kamar babu. Idona bai san shi a haske ba, ba ni da abin da zan gwada shi da shi sai hotunan da ke kaina. Na kai yatsa zan ɗaga fatar idonsa kenan Gwaggo ta shigo. Ta same ni ina kallonsa, ta dube ni sau ɗaya, na ji kamar in nutse. Ta ja labule ta rufe, ta ce so nake iska ta shige shi ana jibi suna? In tashi, ruwa zai huce.

Ana watsa mini ruwan zafi da ganye, ko zafin ban ji ba.

Wajen ƙarfe goma aka kawo wuta. Da wayar ta ɗan farfaɗo na ɗauke shi a inda yake kwance. Ga shi nan, fari da ja-ja, lafiya lau. Na ajiye su biyun a kan cinyata a ƙarƙashin zane, waya a dama kyamara a hagu, yaro ɗaya, safiya ɗaya. Ɗaya sabuwa ce, maigidana ya daɗe yana tara mata, kowa ya gan ta sai ya yaba. Ɗaya kuwa tsohuwa ce da ta fito daga hannun wani. Na san wadda nake so ta zama mai gaskiya. Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne, na aika wa maigidana hoton wayar, na rubuta masa cewa muna lafiya.

Amma na kasa zama. Sai a lokacin na tuna da abin gyaran fuskar nan. Na kashe shi na sake ɗauka. Kumatun suka rage ja, fatar ta ɗan dushe, amma a ƙarƙashin wannan ƙwan ko shawul ɗin ma ba fari yake fitowa sosai ba, wayar kuma tana ta daidaita launi da kanta. Ban ƙaru da komai ba.

A Narayi muna da maƙwabciya, 'yar kudancin Kaduna, ta manyanta, ta yi shekaru tana aiki a ɗakin yara na asibiti. Kowa Sista yake ce mata. Ni kuma tun ranar da aka kawo ni unguwar take kira na Amarya, ko da cikina ya fito ba ta canza ba. Na tura mata hoton wayar, ta amsa da addu'ar Allah ya raya, ta ce sai ta zo cin shinkafa jibi bayan ta taso daga coci. Na gwada ɗaukar fuskar kyamarar da waya don in tura mata, sai layi-layi da ƙyalli suka fito. Na ce wa Gwaggo zan zaga, na tsaya a lungun bayan ɗaki na kira ta.

Da farko tana dariya, wai masu haihuwar fari ko atishawa yaro ya yi sai sun kira likita. Sai ta tambaye ni ko yana shan nono. Na ce tun shekaranjiya ba sosai ba. Ta tambayi kuka, na ce ya daina. Ta tambaya ko akwai kafur a cikin kayansa, don yana yi wa wasu jarirai illa, na ce Gwaggo ta zuba a akwatin don ƙwari. Dariyar ta ɗauke.

"Amarya, ki ajiye hotunan nan duka. Ki fito da shi tsakar gida inda rana take. Ki danna goshinsa da yatsa ki ɗaga, ki ga launin wurin. Ki duba farin idonsa, ki duba tafin ƙafarsa. In ta kai ƙafa, ba anjima ba, ba bayan sallah ba, yanzu za ku tafi. Kada ki kashe, ina ji."

Tsakar gidanmu a ranar cike take. Mama da maƙwabta huɗu suna murza cincin na suna a kan tabarma, Gwaggo tana kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni. Daga ƙofar ɗakina zuwa inda rana take bai fi taku goma ba. Na shiga na tsaya a kansa. Na ce bari in jira Baba ya dawo daga shago, sai na tuna daga can masallaci zai wuce. Na ce bari in kira Mama gefe, amma Gwaggo za ta biyo ta, a ƙare a cikin duhun nan dai. Wayar tana cikin zanena, ina jin numfashin Sista.

Na ɗauke shi, ba wanda ya miƙo mini. Na ɗaga labulen ƙofa na fito.

Hirar ta tsaya cak. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Gwaggo ta tambaye ni ina zan kai shi, ko na fara taɓuwa ne. Ban amsa ba, don in na buɗe baki zan koma ciki. Na je tsakiyar rana na tsuguna, na buɗe shawul. Na danna goshinsa na ɗaga, wurin ya fito kamar ƙwaiduwa. Na ɗaga fatar idonsa, bai ko motsa ba, farin ya zama rawaya. Na cire masa safa. Tafin ƙafar ma haka.

Gwaggo ta taso ta leƙa. Ta ce shawara ce, wane jariri ne ba ya yi? A riƙa shanya shi a hantsi, ita kuma za ta aika Tudun Wada a karɓo jiƙo. Ta ce yara nawa ta wanke da hannun nan nata, ba wanda aka fitar kafin suna. Sannan ta juya wajen matan.

"Kun ga 'ya'yan yanzu. Ɗan fari, a gaban uwarta, a gabana, ta tasa shi tana ƙare masa kallo. Saura ta yi masa rawa."

Suka yi 'yar dariya, amma ba duka ba. Mama ba ta yi ba. Hannunta na cikin ƙullin fulawa, tana kallon ƙasa. Na san matsayinta: Gwaggo yayar mijinta ce, shekara da shekaru ba ta taɓa musa mata a gaban mutane ba.

Na ce, "Mama, ɗana ba shi da lafiya. Kwana biyu bai sha nono ba."

Ban taɓa furta kalmar a fili ba sai ranar. Muryata ta fito wata iri, kamar ba tawa ba. Mama ta goge hannu a zane ta taso. Ta karɓe shi, ta duba ido, ta duba ƙafa, ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi yaraf. Ta sa masa ɗan yatsa a baki, bai kama ba.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji ta. "A duba shi a dawo."

Gwaggo ta ce a jira ƙaninta ya sauko daga masallaci, gidan ai da mai shi. In kuwa aka fita da yaron nan ba da yawunta ba, yau za ta ɗaure kayanta. Mama ta sake ba ta haƙuri, har da ɗan rusunawa, amma tana yi tana janyo hijabinta daga kan igiya.

Samun mai keke napep ya ɗauke mu lokaci, kuma an fara tare hanyoyi don sallar Juma'a. Muka shiga wannan layi muka tarar da sahu, muka juya, muka shiga wancan muka tarar an gindaya benci. Mai keken yana ta ba mu haƙuri yana kutsawa ta lunguna. Mama ce ke riƙe da shi. Ni na sa tafin hannuna a ƙirjinsa ta cikin shawul, ina jin yana ɗagawa yana sauka, ban cire ba har muka isa asibiti. Sista ta riga mu zuwa, tana tsaye a bakin ƙofa da takalmin wanka a ƙafarta.

Aka ɗebi jininsa, ko a nan kukan da ya yi siriri ne, gajere. Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta tambaye ni yaushe rawayar ta fara. Na ce ban sani ba. Ta ce ai ni ce uwar. Na miƙa mata wayar, na ce ina da hotonsa na kowace rana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, Litinin, Talata, har na safiyar nan, ta miƙo mini, duk fari ya fito a cikinsu.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce abin ya hau sosai, ya kusa inda sai an canza masa jini, kuma idan ya wuce nan yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ji. Za a sa shi a ƙarƙashin fitila a sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i, mu dai mu nemi wanda zai ba da jini ya zauna a kusa. Aka tuɓe shi, aka rufe masa ido da wani ɗan ƙyalle, aka kwantar da shi a cikin akwatin gilashi, shuɗin haske ya lulluɓe shi.

Na fita baranda na kira maigidana. Da na faɗa masa sai ya ce, "Amma hoton da kika turo ɗazu fa?" Na ce masa ya taho kawai.

Gwajin yamma bai hau ba, bai kuma sauka ba. Na Asabar da safe ya ɗan sauka kaɗan, likitar ta ce kada mu saki jiki tukuna. Ana ba shi abin da na tatsa ta wani siririn bututu. Baba ya zo ya tsaya a bakin taga yana motsa baki, ya ce a gwada jininsa ko zai yi. Maigidana ya iso da la'asar da ƙurar hanya a jikinsa, shi ma aka ɗebi nasa. Gwaggo ba ta tafi ba. Ta aiko Mama da kunun kanwa, da saƙon cewa a nema mini ruwan zafi ko a ina ne, kada in sake in yi wanka da na famfo.

Ranar Lahadi da safe maza suka taru a ƙofar gidanmu aka raɗa suna, babu jariri babu mai jego. Ina zaune a kan benci maigidana ya kira ya faɗa mini, ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Wajen hantsi likitar ta fito da takarda a hannu. Ta ce ya sauka sosai, ba sai an canza jini ba. Zai ƙara kwana biyu a fitila, kuma bayan an sallame mu za mu dawo a gwada jin kunnensa.

Tana cikin magana na ji kuka daga ciki, mai ƙarfi, mai fushi. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce mai yaron gado na uku ta zo. Ta cire masa ƙyallen ido ta miƙo mini shi. Ya kama nono da ƙarfi har sai da na cije leɓe. Ta ce in ba shi na minti goma, sannan ya koma ƙarƙashin fitila.